Albatros na Tristan: tambayoyi da amsoshi kan ɓeran Gough, ƙugiyar masunta da aikin ceto

Wane irin tsuntsu ne albatros na Tristan, kuma ina yake zaune?

Yana cikin manyan tsuntsayen teku na duniya. Idan ya buɗe fukafukansa, daga wannan baki zuwa wancan ya kan kai mita 3. Masana suna kiransa Diomedea dabbenena. Kusan duk rayuwarsa a sararin tekun Atlantika ta kudu yake yi, tsakanin gaɓar Brazil da Uruguay ta yamma da gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu ta gabas, wasu ma su kan zarce cikin tekun Indiya. Ba ya taka ƙasa sai domin kiwo, wato saka ƙwai da renon ɗa.

Wurin kiwon kuwa kusan ɗaya ne tak a duniya: tsibirin Gough, wanda ake furtawa Gof. Faɗinsa murabba'in kilomita 65, dutsensa mafi tsawo ya kai mita 910, yana kimanin kilomita 400 kudu maso gabas da tsibirin da ake kira Tristan da Cunha, kuma sama da kilomita 2,500 daga Cape Town. Yankin na ƙarƙashin Birtaniya, amma mutanen da ke kwana a tsibirin su ne 'yan ma'aikatan tashar hasashen yanayi da Afirka ta Kudu ke gudanarwa tun 1956, tare da masu nazarin tsuntsaye. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1995. A tsibirin Inaccessible akwai sheƙa biyu ko uku kawai. A kan Tristan kanta, wadda tsuntsun ya ci sunanta, mutane sun cinye shi tuntuni.

Me ake nufi idan aka ce yana bakin ƙarewa?

Ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, tana da matakai na haɗarin ƙarewa, kuma tun 2008 wannan tsuntsu yake kan mataki mafi tsanani kafin a ce ya ɓace daga daji. Ba ƙarancin adadi kaɗai ake dubawa ba. Ana duba saurin raguwa cikin zuriya uku, wanda ga tsuntsu mai tsawon rai irin wannan ya kai shekaru kusan 70. A kowace shekara ma'aurata tsakanin 1,500 da 2,000 ne suke kwanci, kuma kusan dukansu a kan tsibiri guda. Duk abin da ya sami Gough ya sami jinsin gaba ɗaya.

Me ya sa ba ya saurin mayar da abin da ya rasa?

Domin ƙwai ɗaya mace take sakawa, kuma idan ɗan ya rayu, iyayen ba sa sake kwanci sai bayan shekara biyu. Ana saka ƙwan a wajajen Janairu, a kan sheƙar da aka tara da laka da ciyawa a filayen da ke jiƙe a saman tsibirin, galibi tsakanin mita 400 da 700 daga matakin teku. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci na kimanin mako 11. Bayan ƙyanƙyashewa a Maris ko Afrilu, ɗaya daga cikinsu yana zama da ɗan na kusan wata guda, daga nan su bar shi shi kaɗai, suna dawowa jefi-jefi da abinci. Ɗan tsakon yana zaune a kan wannan tudun laka wata takwas zuwa tara, duk tsawon lokacin sanyi, sai Nuwamba ko Disamba ya tashi.

Wanda ya tashi kuma ba zai fara kiwo ba sai ya kai shekara 10 ko kusa da haka. Miji da mata suna daɗewa tare, don haka idan ɗaya ya mutu a teku, ƙwan ko ɗan da ke sheƙa ya mutu ke nan, domin tsuntsu ɗaya ba ya iya ciyar da shi, wanda ya rage kuma zai iya ɓata shekaru kafin ya sami wani abokin zama. Wannan ne ya sa mutuwar babban tsuntsu guda ta fi mutuwar ɗan tsako guda nauyi a lissafin masana.

Da gaske ɓeran gida ne yake kashe tsuntsun da ya fi shi girma haka?

Da gaske ne, ko da yake masana da yawa sun yi shakka lokacin da aka fara ba da labarin a shekarun 2000 da 2001. Sai da aka ɗauki hoton bidiyo da dare 'yan shekaru bayan haka kafin gardama ta ƙare.

Ɓerayen sun sauka a Gough ne daga jiragen masu farautar dabbobin ruwa a ƙarni na 19. Ba su tarar da kyanwa ko wani babban ɓera da zai takura musu ba, sai suka yaɗu daga bakin teku har ƙololuwar dutse, kuma suka ƙara girma: matsakaicin nauyinsu ya kai giram 35, wato ƙarin wajen rabi a kan na ɓeran gida da aka saba gani. Da rani suna samun iri da ƙwari. Da sanyi ya kama, daga Mayu zuwa Agusta, abinci ya yanke, kuma daidai lokacin ne ɗan albatros yake zaune shi kaɗai a sheƙa, jikinsa cike da kitse.

Da dare suke zuwa. Ɓera ɗaya ko biyu su kan fara gurgurar fata a wajen gindin wutsiya ko cinya, inda bakin tsuntsun ba ya kai wa da sauƙi. Da rauni ya buɗe, wasu su kan taru, wani lokaci har takwas ko goma a kan tsuntsu ɗaya, su dawo dare bayan dare su ci daga rami guda. Cikin kwana uku ko huɗu ɗan tsakon ya kan mutu saboda zubar jini da gajiya, ko kuma manyan tsuntsaye masu cin mushe su ƙarasa shi da rana. Ɗan tsakon da ya kusa tashi yana iya kai kilo 10, wato nauyin ɓera kusan 300.

Sakamakon a lissafi shi ne: a tsibiran da babu ɓera, manyan albatros suna fitar da ɗa daga kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na ƙwayayen da aka saka. A Gough abin ya tsaya a wajajen kashi 30. Wani nazari na 2018 ya ƙiyasta cewa tsibirin yana asarar ƙwai da 'yan tsaki kusan miliyan 2 a shekara idan aka haɗa dukan jinsunan tsuntsayen teku da ke kiwo a can. A 2021 kuma aka fara tabbatar da cewa ɓeraye sun kashe babbar tsuntsuwa mai kiwo, ba ɗan tsako ba.

Me ya hana ɗan tsakon kare kansa?

Jinsin ya yi dubban shekaru a wurin da babu wata dabba mai shayarwa da ke tafiya a ƙasa. Abokin gabarsa daga sama yake zuwa, da rana, don haka ya iya kaɗa baki da fesa man ciki ga tsuntsun da ya tunkare shi. Abin da ke rarrafowa ta baya cikin duhu bai san shi ba. Ya kan juya, ya kan yi ƙoƙarin kakkaɓewa, amma ba shi da inda zai gudu. Tsuntsun da ke haihuwar ɗa guda a shekara biyu kuma ba shi da isasshen lokacin da zuriya za ta koyi sabuwar dabara.

An ce adadin sheƙu bai ragu sosai ba cikin shekaru 20. To ina matsalar?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma tambaya ce da ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙidayar da ake yi kowace shekara ta masu kwanci ce. Amma ka tuna cewa ma'auratan da ɗansu ya rayu suna hutawa shekara mai zuwa, waɗanda ɗansu ya mutu da wuri kuwa su kan dawo su sake sakawa a shekarar da ta biyo. Ashe ke nan yawan mutuwar 'yan tsaki yana ƙara yawan tsuntsayen da ake gani a sheƙa kowace shekara. Ɓarnar da kanta ce take ɓoye ɓarnar.

Ga kuma tsawon rai. Tsofaffin tsuntsaye suna ci gaba da dawowa shekara da shekaru, sheƙu suna cike, alhali matasan da ya kamata su gaje su, waɗanda suke can teku ba a ganinsu, sun yi ƙaranci. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya haɗa ƙidayar sheƙu da bayanan tsuntsayen da aka sa wa zobe, ya nuna cewa jimillar jinsin ta ragu da fiye da tsuntsaye 2,000 tun 2004 duk da cewa adadin masu kwanci ya yi kamar yana tsaye. Ranar da tsofaffin suka fara ƙarewa, faɗuwar za ta zo da sauri.

Yaya ake yin ƙidayar?

Sau biyu a shekara ake zagaye tsibirin da ƙafa: a ƙarshen Janairu ko Fabrairu a ƙirga masu kwanci, sannan a Satumba ko Oktoba a ƙirga manyan 'yan tsakin da suka tsira. Raba na biyu da na farko shi ke ba da nasarar kiwo. A wasu keɓaɓɓun wurare, kamar kwarin Gonydale, ana sa wa kowace sheƙa alama, ana karanta zoben iyaye, ana kuma sa wa 'ya'ya zoben ƙarfe mai lamba kafin su tashi. Daga nan ake sanin shekarun tsuntsu, da wanda ya dawo, da wanda ya ɓace.

Me zai hana a kai kyanwa, ko a kafa tarkuna?

An gwada kyanwa a tsibirin Marion na Afirka ta Kudu. A ƙarshen shekarun 1940 aka kai guda biyar domin ɓerayen tashar yanayi. Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, kuma tsuntsayen da ke kiwo a rami suka fi ci, domin sun fi ɓera sauƙin kamawa da yawan nama. Sai 1991 aka gama kawar da su, ɓerayen kuma suna nan har yau, yanzu ma suna cin albatros a can.

Tarko kuwa yana rage ɓera a kewayen gida ko 'yar gona. Ba zai yi aiki a kan hekta 6,500 na duwatsu, kwazazzabai da gangaren da ke faɗawa teku ba. Ɓera tana ɗaukar ciki na kusan mako uku, ta haifi biyar zuwa takwas, 'ya'yan kuma su balaga cikin wata biyu. Duk wurin da aka rage, maƙwabta za su cike shi.

To yaya ake kawar da ɓera daga tsibiri baki ɗaya?

Hanyar da ta yi aiki a manyan tsibirai ita ce watsa abinci mai guba daga jirgi mai saukar ungulu, a kan kowane taki na ƙasa, cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar ita ce kowane ɓera guda ya sami abincin a cikin yankinsa, ya kuma ci abin da zai kashe shi.

Abincin ƙananan dunƙule ne na hatsi, kowanne kimanin giram 2, an rina shi kore domin kada ya ja idon tsuntsaye. Gubar ita ce brodifacoum, giram 20 zuwa 25 a cikin kowane tan. Wato a cikin tan 200 na abinci, gubar kanta ba ta wuce kilo 4 ko 5 ba. Aikinta shi ne hana jiki sarrafa bitamin K, jini ya kasa daskarewa. Ba ta kashewa nan take kamar shinkafar ɓera, sai bayan kwana uku zuwa goma, kuma da gangan aka zaɓi hakan: ɓeran da ya ci ya ji ciwo a take zai guji abincin har abada, wanda bai ji komai ba kuwa zai ci gaba da ci.

Ana yin aikin da sanyi, lokacin da ɓeraye suke cikin yunwa, adadinsu ya yi ƙasa, kuma ba sa haihuwa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin jaririn da ke cikin rami yana shan nono zai iya fitowa bayan abincin ya ƙare. Da sanyi kuma yawancin tsuntsayen da za su iya cin gubar sun bar tsibirin.

Ana rataye wa jirgin babban bokiti mai faifai a ƙasa da ke juyawa yana watsa dunƙulen. Kafin a fara, sai an auna faɗin da bokitin yake rufewa da kilo nawa yake zubarwa a minti, a daidaita da gudun jirgin. Matuƙi yana bin layukan da GPS ya shata, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, domin kowane wuri ya samu sau biyu. Kowace yamma ana sauke bayanan tafiyar a kwamfuta, a nemo giɓi, a koma a cike shi. Gangaren bakin teku ana bin su daban, da wani allo a bokitin da ke karkata dunƙulen zuwa ɓangaren dutse, kuma ana ƙara musu yawa domin tsayuwar dutse tana ɓoye ainihin faɗinsa a taswira. Gine-gine da koguna da hannu ake sa musu, a kuma kulle duk wani abincin mutane da shara. Ƙananan duwatsun da ke cikin ruwa kusa da gaɓa ba a barinsu.

Misalin lissafi: idan aka watsa kilo 8 a hekta, dunƙule 4,000 ke nan, ɗaya a kowane murabba'in mita biyu da rabi. Bayan kwana goma zuwa mako biyu ko fiye, gwargwadon yanayi, ana maimaita zagaye na biyu. Daga nan sai jira. Al'adar ita ce shekara biyu ana bincike da kyamarori, karnuka masu shinshina da allunan da ke ɗaukar sawu ko tabon haƙori kafin a ce an yi nasara.

Gubar ba ta cutar da tsuntsayen da ake son ceta?

Albatros a teku kawai yake ci, ba ya tsintar komai a ƙasa, don haka ba shi cikin haɗari. Waɗanda ake ji wa tsoro su ne masu neman abinci a ƙasa da masu cin mushen ɓera. Gough tana da tsuntsayen ƙasa biyu da suka samo asali daga can: wata kazar ruwa da ba ta tashi, da wani ƙaramin tsuntsu mai cin iri da ƙwari wanda shi ma yake bakin ƙarewa. Kafin a watsa guba a Gough a 2021 an kama wasu daga kowane jinsi aka tsare su a keji har abincin ya ruɓe. Duk da haka kazar ruwan ta sha asara mai yawa a daji. Wannan farashi ne na gaske, kuma duk mai tsara irin wannan aiki dole ya faɗe shi tun farko, ya nuna cewa asarar ta lokaci ɗaya ce, ta ɓera kuwa ta kowace shekara ce.

Me ya faru a 2021?

Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, tare da gwamnatin Tristan da Cunha da abokan aiki daga Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, sun shirya aikin domin 2020, annobar korona ta sa aka ɗage. Tsakanin Yuni da Agusta 2021 jirage masu saukar ungulu huɗu suka watsa kimanin tan 200 a kan tsibirin, a aikin da ya ci sama da fam miliyan 9. A Disamba na shekarar kyamara ta ɗauki hoton ɓera guda da rai. Cikin 'yan watanni aka samu wasu a wurare daban-daban, aka tabbatar aikin bai cim ma burinsa ba.

Kwamitin masana mai zaman kansa da ya duba lamarin ya fi karkata ga cewa wasu ɓeraye ba su sami isasshen abincin ba, kuma babban abin zargi shi ne dodon koɗi marar ƙoƙo, wanda shi ma baƙo ne a tsibirin. Gubar ba ta kashe shi, kuma inda yake da yawa ya kan cinye dunƙulen ko ya lulluɓe su da yauƙi kafin ɓera ya kai gare su.

Amma shekarar da ta biyo baya ta nuna abin da ake nema. A 2022, da ɓeraye suka yi ƙaranci ƙwarai, nasarar kiwon albatros na Tristan ta tashi zuwa kusan kashi 75 cikin 100, fiye da ninki biyu na abin da aka saba. Babu wata shaida da ta fi wannan ƙarfi cewa ɓera ne ke danne jinsin a tudu. Sai dai ɓerayen sun sake yawa cikin 'yan shekaru, kamar yadda aka yi tsammani.

An taɓa yin nasara a kan ɓeran gida a babban tsibiri kuwa?

An yi. A tsibirin Antipodes na New Zealand, mai hekta kusan 2,000, an watsa tan 65 a 2016, aka bayyana nasara a 2018. A Macquarie na Ostireliya, wanda ya ninka Gough kusan sau biyu, an kawar da zomo, babban ɓera da ɓeran gida tare; an watsa a 2011, aka tabbatar a 2014. A South Georgia an yi aikin kashi uku tsakanin 2011 da 2015, aka ayyana tsibirin babu ɓera a 2018.

Ɓeran gida ya fi babban ɓera wuya saboda yankinsa ƙarami ne. Babban ɓera yana yawo mai nisa, ko an bar giɓi zai ci karo da abinci. Ƙaramin yana iya yin rayuwarsa cikin 'yan mitoci, ya kuma yi ɗan ci nan ɗan ci can. Giɓin da iska ta haifar a layi ɗaya ya isa ya bar mace mai ciki da rai.

Mene ne ke kashe manya a teku?

Mamari, wato doguwar igiyar kamun kifi da manyan jirage suke shimfiɗawa, wadda ke iya kai kilomita 100 ɗauke da ƙugiyoyi dubu biyu zuwa uku, domin kifin tuna da makamantansa. Lokacin da ake sakin igiyar ta bayan jirgi, koton yana ɗan shawagi a saman ruwa kafin ya nutse. Tsuntsu ya cafka, ƙugiya ta kama baki ko maƙogwaro, igiya ta ja shi ƙasa. Albatros ba ya nutso mai zurfi, amma ƙananan tsuntsaye masu nutso su kan ɗauko koton su fito da shi sama, shi kuma ya ƙwace. A jiragen da ke jan koma kuwa, wayoyin ƙarfen da ke riƙe da komar ne suke bugun fukafukan tsuntsayen da suka taru cin tarkacen kifin da ake zubarwa.

Akwai wata wahala ta musamman: a ido albatros na Tristan yana kama da ɗan'uwansa da ake kira albatros mai yawo, wanda ya fi shi yawa. Gawar da aka ciro ba tare da awon baki, zobe ko samfurin gashi ba, sau da yawa da sunan wancan ake rubuta ta.

Wane mataki jirgin kamun kifi zai ɗauka?

Yarjejeniyar kare albatros ta ACAP, wadda ta fara aiki a 2004, tana ba da shawarar a haɗa abubuwa uku a lokaci guda.

Na farko dalma a kan igiyar ƙugiya domin koto ya nutse da sauri: giram 40 ko fiye a cikin rabin mita daga ƙugiya, ko giram 60 a cikin mita 1, ko giram 80 a cikin mita 2. Nisan ya fi nauyin muhimmanci. Dalmar da aka sa nesa tana nutsewa ta bar koton yana lilo a sama.

Na biyu igiyar korar tsuntsaye, wadda masuntan Japan suka ƙirƙiro, shi ya sa ake ce mata tori, wato tsuntsu a harshensu. Ga jirgin da ya kai mita 35, ana ɗaure ta a sandar da ta kai mita 8 daga ruwa, ta miƙe a sama aƙalla mita 100 a bayan jirgi, da zirin roba masu launi da ke saukowa har ruwa, tazararsu ba ta wuce mita 5 ba. Ga ƙaramin jirgi, tsayin mita 6 da miƙewar mita 75.

Na uku sakin igiya da dare sosai, bayan duhu ya rufe kuma a gama kafin alfijir, da fitilun jirgi a rage.

Wanda ba ya son haɗa ukun yana iya amfani da na'urar da ke rufe tsinin ƙugiya, kamar Hookpod, wadda ba ta buɗewa sai ta kai zurfin aƙalla mita 10. Hukumar ICCAT, mai kula da kamun tuna a Atlantika, tana wajabta biyu daga cikin ukun kudu da layin digiri 25 na kudancin duniya. Inda aka bi doka an ga sakamako: mutuwar albatros a jiragen koma na Afirka ta Kudu ta ragu da kusan kashi 99, a mamarin ƙasan teku na Namibiya kuma mutuwar tsuntsaye ta ragu da kashi 98 bayan dokar 2015.

Idan dabarun suna da sauƙi haka, me ke lalacewa?

Igiyar kora tana sarƙewa da abin shawagin mamari, don haka ma'aikata su kan gajarta ta ko su ƙi sakinta. Maganin shi ne a sa wani wuri mai rauni da zai tsinke idan ta sarƙe, a kuma ajiye wata a shirye. Idan iska ta kaɗa ta gefe, koto ya fita daga ƙarƙashinta, don haka sai a sa ta ta ɓangaren da iska ke fitowa, ko a yi amfani da biyu. Dalma tana da haɗari ga mutum: idan kifi ya tsinke igiya tana a miƙe, dalmar ta kan dawo kamar harsashi. Irin da ke zamewa a kan igiya an yi ta ne domin wannan. Sakin dare yana raguwa da amfani idan wata ya cika, kuma igiyar da aka fara da dare aka ƙare da hantsi ba ta cika sharaɗi ba. Koton da ke daskare yana shawagi, sai an bar shi ya narke. Zubar da tarkacen kifi lokacin saki kiran tsuntsaye ne kai tsaye.

Babbar matsalar dai ita ce sa ido. A tsakiyar teku, inda babu ruwan wata ƙasa, ƙalilan ne daga cikin jirage suke ɗauke da mai duba, shi ya sa ake matsa wa a sa kyamarori. Yankin kariya na murabba'in kilomita 687,000 da Tristan da Cunha ta ayyana a 2020 yana taimakawa, amma tsuntsun yana tafiya nesa da iyakarsa.

Idan tsuntsu ya fito da rai a ƙugiya, yaya za a yi?

A rage gudun jirgi, a sassauta igiya, a ɗauko shi da ragar hannu, kada a ja shi da igiyar. Mutum biyu ake buƙata. Ɗaya ya naɗe fukafukan a jiki ya lulluɓe shi da tawul, ya rufe masa ido, ya riƙe baki ba tare da toshe hancin ba. Idan ana ganin ƙugiyar, a tura tsinin ya fito, a datse ƙayar da abin yankan ƙarfe, a zare sauran ta baya. Idan ya haɗiye ta ba a ganinta, a yanke igiyar kusa da baki iyakar iyawa, kada a ja. A sa shi a akwati mai iska a wuri mai shiru na awa ɗaya zuwa 'yan awanni har gashinsa ya bushe ya iya tsayawa, kada a ba shi abinci, kuma a nisanta shi da mai. Sannan a sauke shi a hankali kan ruwa yana fuskantar iska. Idan yana da zobe, a rubuta lambar da wurin da ranar.

Me zai hana a kwashe 'yan tsaki zuwa wani tsibiri?

An yi haka da wani albatros a Japan: tsakanin 2008 da 2012 aka ɗauki 'yan tsaki 70 daga Torishima zuwa Mukojima aka ciyar da su da hannu har kusan dukansu suka tashi, wasu kuma suka dawo can. Dabarar tana aiki domin tsuntsun yana komawa inda ya tashi. Amma na Tristan yana buƙatar ciyarwar wata takwas, a yankin da babu filin jirgin sama, sannan a jira shekara goma kafin a ga ƙwan farko. Kuma hakan ba zai taimaki miliyoyin sauran tsuntsayen Gough masu kiwo a rami ba.

Me ake yi kafin a sake gwadawa?

Ana auna abin da ya faɗi a karon farko: dunƙule nawa dodon koɗi yake ci a dare a kowane irin ciyayi, kwana nawa abincin yake yi a ƙasa cikin ruwan Gough, ko wani girman dunƙule ko ƙarin yawa ko wani watan zai fi dacewa, da kuma ko ɓerayen da suka saba da nama suna karɓar hatsi kamar sauran. Shirin kawar da ɓera daga Marion, mai hekta kusan 30,000, yana bin waɗannan tambayoyin shi ma.

A lokaci guda ana tsaron ƙofa. Jirgin ruwan S.A. Agulhas II da ke kai ma'aikata da kaya sau ɗaya a shekara ana binciken kayansa tun daga Cape Town, ana wanke takalma, ana tsince iri daga aljihu da jakunkuna, domin babban ɓera guda mai ciki zai fi na yanzu ɓarna. Murar tsuntsaye ta H5N1, wadda ta isa South Georgia a 2023 ta kuma kai Marion daga baya, ta ƙara wani sharaɗi: a tsabtace takalma da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin wurin kiwo da wani, a daina taɓa tsuntsaye idan aka ga mutuwar da ba a saba ba, a ɗauki samfur da safar hannu da takunkumi.